Tunda na karye a kasuwa na daina shiga mutane, ko masallacin layinmu bana zuwa

"Salamu alaikum Yaya. Dan Allah a boye sunana. Shekarata 36, ina da mata da yara uku, a da ina sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari. Tunda dala ta tashi jarina ya narke, na ci bashin mutane, karshe dai na saki shagon. Yanzu kusan shekara kenan ina gida. Na daina zuwa majalisa saboda biyu cikin masu bina kudi a can suke zama, sallah ma a daki nake yi ko in tafi masallaci mai nisa inda ba a sanni ba. Waya in tayi kara sai gabana ya fadi. Abokan da muke cin abinci tare kullum babu mai nemana. Da daddare bana bacci sai danna waya har asuba. Ina addu'a amma ji nake kamar bata wuce rufin daki, wani ma yace min rashin tawakkali ne. Gida cike da mutane amma ji nake ni kadai ne. Ya zanyi?"

Wa alaikumus salam kanina. Allah ya yaye maka, Allah ya mayar da mafi alheri, ya rufa asiri duniya da lahira.

Bari in fara sauke maka wannan maganar ta rashin tawakkali, don na lura ita tafi tsaya maka a rai. Wanda ya fada maka haka watakila da kyakkyawar niyya ya fada, amma bai fadi daidai ba. Annabi Yakubu alaihis salam kuka yayi akan Yusuf har idanunsa suka yi fari saboda bakin ciki, Alkur'ani ne ya bamu labarin, kuma da 'ya'yansa suka dame shi da surutu cewa yayi shi ga Allah kadai yake kai kukan damuwarsa da bakin cikinsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Dalib suka rasu, wato shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam, har yau malaman tarihi shekarar bakin ciki suke ce mata. To waye zai bude baki yace wadannan basu da tawakkali? Mutum ya rasa shagonsa da sana'ar da ya tashi a cikinta, ace kuma kar zuciyarsa tayi nauyi, ai wannan ba a nemi mai yiwuwa ba.

Sannan karayar nan ba kai kadai ta samu ba, kuma ba lallai sakacinka bane. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce an cire tallafin mai, litar da ake sha kasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin karshen 2024 ta kai dubu a gidajen mai da yawa. Dalar da ake canzawa wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji ta Wapa kafin nan, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Kai ka fi ni sanin abinda wannan yake yiwa mai sayar da kayan waje, ka bada kaya bashi akan tsohon farashi, kafin kudin su dawo hannunka wata biyu ko uku sun wuce, kaje saro ka tarar kudin da suka sayi dila goma ko shida basa saya, haya tana nan, yaran shago suna nan, cefanen gida ya ninka, kana ta ciniki kana ganin kudi suna shigowa amma jarin yana zagwanyewa ta kasa baka sani ba. Manyan alhazai ma da yawa haka ta faru dasu, sai dai su suna da gida ko fili da zasu sayar su toshe ramin babu wanda yaji.

To amma ga abinda na karanta a wasikarka, kayi hakuri zan fada kai tsaye. Rashin kudi ya raba ka da shago, amma kunya ce ta raba ka da mutane. Babu wanda ya kore ka daga majalisa, babu wanda ya hana ka masallacin layinku, kai ka janye kafarka. Kace babu mai nemanka, to tsakaninka da Allah a watannin farko mutum nawa ne suka kira baka dauka ba? Nawa ne suka yi sallama a kofar gida aka ce musu baka nan alhali kana daki kana jinsu? Na san akwai 'yan abi yarima a sha kida, wadanda dama shinkafar shagonka suke bi, wadannan tafiyarsu ma sauki ce, Allah ya raka taki gona. Amma a cikin abokan nan naka ina da yakinin akwai mutum daya ko biyu da suka kira sau uku sau hudu, suka ga shiru, suka ce bari mu kyale shi kar yaga kamar mun zo ganin kwakwaf ne. Kai kana daki kana cewa sun guje ni, su suna can suna cewa ya guje mu, a haka shekara ta tafi.

Shi yasa bazan ce maka kawai ka dage da addu'a ka shiga mutane in tsaya nan ba, don kofar shiga mutanen a toshe take, kuma mutum biyun nan masu binka kudi ne suke tsaye a bakinta. Sai ka fara dasu. Na san wannan ne abu mafi wuya cikin duk abinda zan fada, amma muddin baka hadu dasu ba to duk inda ka shiga a unguwa da faduwar gaba zaka shiga. Ka zauna ka rubuta duk wanda yake binka da adadin kudinsa, a takarda ba a ka ba, don bashin da yake yawo a kai da tsakar dare kullum yafi na gaskiya girma. Sai ka nemi dattijo daya da suke jin nauyinsa, limamin unguwa ne, ko tsohon ubangidanka na kasuwa, ko wani kawunka, ka fada masa komai kar ka rage, ka roke shi ya raka ka. Kuje gida kar kuje majalisa, kuma daya bayan daya. In kun zauna kar kayi dogon bayani, kace kudinka suna wuyana ban manta ba bana kuma musu, ga halin da nake ciki, ga abinda zan iya bayarwa duk wata ko da dubu biyar ne. Kar ka kuskura kunya ta sa ka yanka ranar da kasan bazaka iya cikawa ba, wannan shine yake mayar da mutum buya karo na biyu, kuma na biyun yafi muni. A rubuta a sa shaidu, ayar da tafi kowacce tsawo a Alkur'ani, Bakara 282, akan rubuta bashi ta sauka. Kafin ita kadan, aya ta 280, Allah ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin kunci har ya samu sauki, amma wannan ayar ka bar dattijon ya karanta musu, a bakinka bazata yi dadin ji ba.

Abinda na sani game da masu bin bashi shine yawancinsu buyan ne yake bata musu rai fiye da jinkirin. Dan kasuwa ya san karaya, ya ganta a wajen wasu, yana tsoronta a kansa. Abinda baya yafewa shine ya kira a ki dauka. Zai yiwu wani ya fada maka magana mai zafi, ka shanye, minti goma ne, ya fi shekara guda a daki. Kuma ka sani wanda bashi ya yiwa katutu ta hanyar halal yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ce a basu zakka, hakkinka ne ba bara bane, a Kano ma akwai hukumar zakka da hubusi, ga kuma masu hali na cikin dangi da suke fitarwa duk shekara suna kaiwa nesa don basu san na kusa yana bukata ba. Barin kashi a ciki baya maganin yunwa.

Sai masallaci. Akwai labarin wani sahabi da nake so ka rike, Ka'abu dan Malik. Bai je yakin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan hijira, shi da wasu mutum biyu, aka hana kowa yi musu magana har kwana 50, Alkur'ani yace kasa duk fadinta tayi musu kunci. Shi da bakinsa yace sauran biyun zama suka yi a gida suna kuka, amma shi fita yake, yayi sallah cikin jama'a, ya zaga kasuwa, babu mai ce masa uffan, yayi sallama ma yana duban ko leben Annabi ya motsa da amsawa ko bai motsa ba. Ka duba fa, wannan gari guda ne aka umarta su kaurace masa kuma bai fasa zuwa sahu ba. Kai babu wanda aka hana yi maka magana.

Ban ce ka fara da salloli biyar din gaba daya ba. Ka zabi daya, asuba tafi sauki don mutane kadan ne kuma babu mai tsayawa dogon zance, ka rike ta a masallacin layinku, ba wancan mai nisa ba. Na nesa ladan jam'i zaka samu, ninki 27 din yana nan, amma babu wanda zai lura ranar da baka zo ba, kuma kai yanzu abinda kake bukata kenan, wajen da in an kwana biyu ba a ganka ba wani zai ce ina wane. Ka dinga tsayawa waje daya a sahu, in an idar kar kayi wuf ka fice, ka mika hannu ga na dama da na hagu, an tashi lafiya, ya iyali, shikenan. Ranar farko za a tambaye ka kwana biyu ko tafiya kayi, ka tanadi amsa gajera tun daga gida, wallahi abubuwa ne suka dan yi nauyi amma alhamdulillah. Babu mai sake tono ka, kowa da tasa a wuyansa wannan zamanin.

Bayan sati biyu ko uku ka nemi wani aiki ka dora wa kanka a wajen. Shara ce, kade tabarmi ne, jawo ruwan alwala ne, rike littafin kudin man janareta ne tunda kai ka iya lissafi, ko biya wa yara karatu bayan magariba. Dalili na shine duk wanda ya karye abinda yafi cinsa shine ganin ya koma mai karba bayan da shi mai bayarwa ne, shi yasa yake gudun idon mutane. In kana da abinda ake jiranka dashi sai kafarka ta dinga kai ka ko ranar da zuciyar bata so. Haka kuma jana'iza da dubiya da gaisuwar rasuwa, kar ka bari su wuce ka. Daurin aure da suna suna son babbar riga da dan abin hannu, in ka kauce musu yanzu babu laifi, amma makabarta babu mai duban shaddar wani, ga lada kiradi daya in ka sallata, biyu in ka raka har aka binne, kuma mutanenmu basa manta wanda ya tsaya musu ranar mutuwa. Zumunci a kafa yake, kafar kuwa ba dala ake sa mata ba.

Kasuwa ma ka koma ko ba shago. Abdurrahman dan Aufu ya iso Madina babu komai a hannunsa, Sa'adu dan Rabi'u yace zai raba dukiyarsa biyu ya bashi rabi, Abdurrahman yace Allah ya sa maka albarka, nuna min hanyar kasuwa. Jarinka ne ya tafi, amma hannun da yake taba shadda ya gane mai kyau da jabu yana nan, kwastomominka na kauye da na Nijar da Chadi lambobinsu suna wayarka. Kayi-nayi ba abin kunya bane, ka hada mai saye da mai kaya ka karbi la'adarka, ko ka zauna a shagon wani. Eh za a nuna ka, za a ce ga wane da yake da shago a layi kaza, kwana uku ne zancen ya mutu a koma kan wani.

Maganar addu'a da kace bata wuce rufin daki, wannan ji ne kawai, kuma jin mutumin da baya bacci baya cin abinci sosai ba abin dogaro bane. Ba a auna karbar addu'a da dadin da aka ji lokacin yinta. Shi kansa Manzon Allah an taba jinkirta masa wahayi har mushirikai suka fara cewa Ubangijinsa ya rabu dashi, sai Walluha ta sauka tana cewa Ubangijinka bai bar ka ba kuma bai ki ka ba. Ka dinga karanta ta a sallolinka kana sane da ma'anar. Akwai kuma addu'ar da Anas yace yana yawan jin Annabi yana yi, tana cikin Bukhari, Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal. Ka ga a numfashi daya ya hada damuwa da bakin ciki da kasala da nauyin bashi da rinjayen mazaje, kamar dai an karanta wasikarka. Kar ka dorawa kanka lazimi mai yawa da zaka yi kwana hudu ka watsar sannan ka kara jin kai mai laifi ne, wannan addu'ar da azkar din safe da yamma da shafi daya na Alkur'ani sun isa a yanzu, aikin da Allah yafi so shine wanda aka dore akai ko da kadan ne.

Wayar nan kuma ta daina kwana a gadonka. Danna waya har asuba kallon masu daukar hoto a Dubai da sabbin motoci kake yi a lokacin da zuciya tafi rauni, ka ajiye ta a falo daga karfe goma. Ka ci abinci ko baka jin yunwa, Nana A'isha in anyi rasuwa talbina take sa a dama wa masu makoki, wani kunun sha'ir ne, tace taji Annabi yace yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana tafiyar da wani sashe na bakin ciki. Ka dinga taka kasa da safe bayan asuba, ko zagaye unguwa ne.

Matarka fa? Baka ambace ta ba sai a lissafin mutanen gida, kuma wannan ya dame ni. Shekara guda tana kallonka kana shiga daki kana rufe kofa, bata san ko ita tayi laifi ba, ko aure kake nema, ko wani abin ne daban, ita ma kadaicin take ciki a gefenka. Da Manzon Allah ya sauko daga kogon Hira jikinsa yana rawa wajen Khadija ya nufa yace ku lullube ni, bai ce namiji baya nuna tsoro gaban iyali ba. Ka zaunar da ita ka fada mata adadin bashin da abinda kake shirin yi. Mata sun fi mu iya rike lalura, kuma sun fi mu hanyoyi, ta adashi da ta 'yan uwa da ta makota. Ku koma cin abinci a kwano daya da yaran ko garau-garau ne.

Abu uku nake ji maka tsoro a wannan halin. Kwayar bacci ko tiramol daga kemis ba tare da likita ba, da cacar kwallo ta waya da masu cewa kawo dubu hamsin ta zama dari a wata, da kuma malamin da zai buga kasa yace maka asiri aka yi maka a kasuwa ko wani dan uwanka ne ya sa maka hannu. Na karshen nan yafi hadari, don zai karbe dan abinda ya rage maka sannan ya bar ka kana zargin mutanen da ya kamata ka jingina dasu.

Sannan ka duba kanka da kyau. In rashin baccin nan da rashin jin dadin komai da saurin fushi ko kuka sun wuce sati biyu kullum a haka, wanda daga wasikarka sun dade da wucewa, to akwai yiwuwar ciwon damuwa ne wanda likitoci suke cewa difireshan, ciwo ne kamar hawan jini kuma ana maganinsa. Kaje asibitin koyarwa na Aminu Kano akwai sashen masu duba wannan, ko asibitin kwakwalwa na Dawanau, zuwa can baya nufin mutum ya haukace, ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai suna zuwa su karbi magani su koma harkarsu. Addu'a da asibiti basa karo da juna. In kuma har ya kai kana jin gara ka mutu, ko tunanin yiwa kanka illa yana zuwar maka, to kar ka jira duk abinda na lissafa a sama, yau din nan ka fadawa matarka ko wani dan uwanka ku tafi asibiti tare.

Ku kuma masu karatu, duk wanda yake da abokin da ya bace daga majalisa tun da kasuwa ta juya masa baya, kira baya isa don bazai dauka ba. Ku taka ku je, in ance baya nan ku zauna a dakalin kofar gida ku ce zaku jira, kuma in ya fito kar ku tambaye shi ya ake ciki, ku bashi labarin unguwa kawai ku ja shi masallaci.

Kanina ka nemi dattijon nan cikin satin nan kafin zuciya ta sake baka uzuri. In kun gana da na farko ka sake rubuto min in ji yadda kuka kare, musamman in ya ki karbar biya kadan-kadan ko yace sai kotu, don wannan ma akwai yadda ake bi da shi ta hanyar sulhu kuma zan yi maka bayaninsa.